Kallabin Kaka Tumba a Hanyar Isa

Ranar Alhamis ce, bayan isha'i kaɗan, a makon da aka gama kai gero rumbu. Ina aji uku na firamare a lokacin. Waɗanda ke wurin su ne ni, da yayata Dije, da Basharu ɗan kawunmu, da wasu 'yan maƙwabta mata biyu da sunansu ya ɓace mini, sai Kaka Tumba, mahaifiyar Innarmu. Wurin kuwa tsakar gidanta ne, a ƙauyenmu da ke bayan Gatawa. An hura wutar kara, an binne gyaɗa a toka.

Abu biyu suka sa na riƙe wannan zaman: tatsuniyar kallabi, da zuwan Baba a tsakiyarta. Bayan shekaru masu yawa, ranar da aka ce kowa ya bar garin, waɗannan biyun suka sake haɗuwa a kan ran Kaka. Ƙafafunta sun daina tafiya, garin Isa da nisa, kuma mutum ɗaya ya rage da zai iya goya ta, wato mijin 'yarta, wanda tun da ya auri Inna ba ta taɓa yarda sun haɗa ido ba.

Kaka ba ta ba da tatsuniya da baki kawai. Sai da wani abu a hannu, ludayi ko faifai ko muciya. A wannan daren kallabinta ta kwance. Shuɗi ne da ya koɗe har ya koma kalar toka, a ƙulle a kusurwa biyu, ɗaya goro, ɗaya kanwa. Ta warware ƙullin, ta ajiye goron a gefen tabarma, ta karkaɗe kallabin, sannan ta dube ni.

"Ango, matso. Miji shina zama nesa da matatai? Ko ka ga wata yarinya can makaranta?"

Na ce, "Ni ba ni son tsohuwa. Haƙora nawa gare ki?"

"Sun ishe ni cin gyaɗarka. To, ga ta nan tahe, wa ka tarbon ta?"

Muka ce, "Mu ka tarbon ta."

Wai a wata shekara ruwa ya ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Akwai wata mata da ke da ɗan'uwa can arewa, bayan iyaka, aka ce shi rumbunsa bai ƙare ba. Ba ta da jaki, ba ta da salka, ba ta da takalmi. Ta bar 'ya'yanta wurin maƙwabciya, ta ɗaura kallabi, ta kama hanya. Basharu ya tambayi sunan matar. Kaka ta ce, "Sunan za ka ci? Saurara."

Rana ce ta fara tare ta. Rana ta ce, ba ni ƙoƙon kanki in dafa. Matar ta kwance kallabi ta lulluɓa shi har wuya, ta bar ido kawai, ta wuce. Can ta iske rijiya ba guga, ruwan na ƙyalli a ƙasa. Rijiya ta ce, kalle ni ki wuce. Matar ta samo kara biyu ta haɗa su da ɓawon kalgo, ta ƙulla kallabin a kai, ta zura har ya jiƙe, ta jawo, ta matse a baki. A nan Kaka ta ƙulla nata a jikin muciya, ta zura cikin busasshen tulu, ta jawo, ta ɗaga kai ta matse. Ko ɗigo bai fito ba, amma dukanmu sai da muka haɗiyi miyau.

Daga nan sai tabki, ruwansa kore, cike da 'ya'yan ƙurƙunu. Matar ta ninka kallabin, ta shimfiɗa a kan ruwan, ta tsotsa ta cikinsa.

"Ninki biyu, Dije, ba guda ba. Kuma ki tuna gehen da ya taɓa tabki, kada gobe ki kai shi baki."

Ƙaya ta tsaga mata tafin ƙafa, ta ɗaure da shi har jinin ya tsaya. Da asuba, kafin fara ta ji ɗumi ta tashi, matar ta jefa shi a kansu ta kama na gasawa. Ta tara aduwa a ciki. Da yunwa ta shiga cikinta tana yawo, sai ta ɗaure cikin tamau, ta tsare yunwar a wuri ɗaya. Wannan a jikina Kaka ta gwada shi. Ta zagaya kallabin a cikina ta ja, har na yi ƙara.

"Ku ji mani ragon miji. Da wanga za a yi tahiya?"

Basharu, wanda ba ya barin magana ta wuce, ya ce me ya hana matar ta yaga kallabin biyu, rabi ga ƙafa, rabi ga kai.

"In ta yaga, da mi za ta yi gammo in ta samu hatsin? Kai kam in anka aike ka, ba ka komowa."

Sai aka zo kan kura. Magariba ta yi wa matar a daji, ta ji kuka a bayanta. Ta ƙulla kallabin a kan wani ɗan sabara, da warin guminta da jininta a jiki, ita kuwa ta hau itace. Kura ta zo ta yi ta zagaya sabara, iska na kaɗa ƙyalle, tana tsammanin mutum ne ke shirin dukanta. Kaka ta sake ƙulla kallabinta a muciya, ta kafa muciyar a toka, ta durƙusa tana zagaya ta tana gurnani, kanta a buɗe, furfurarta a tsaye. Muna cikin dariya muka ji sallama daga bakin danga.

Muryar Baba ce.

Ban taɓa ganin tsohuwa ta yi sauri irin wannan ba. Ta cafki muciya, ta ja kallabin, ƙullin ya ƙi. Ta jefar, ta rarumi ƙwaryar da ke kusa ta kife a kai, ta faɗa ɗaki. Ƙwaryar da sauran gari a ciki. Muka ga farin layi ya bi ta har bakin asabari.

Baba bai ga komai ba, don bai shigo ba. Bai taɓa shigowa ba. Ya cire takalmansa a waje, ya tsuguna a bayan danga, ya kira Dije.

"Ki ce ina gaishe su. Ki ce an wuni lahiya?"

Dije ta juya wajen ɗaki, tana danne dariya. "Kaka, wai ana gaishe ki."

Daga cikin ɗaki, da wata ƙaramar murya da ba mu san ta da ita ba, Kaka ta ce, "Ki ce lahiya lau. Ki ce a gai da mutanen gida."

Kowa na jin kowa. Duk da haka sai da Dije ta maimaita. Baba ya ce ya zo tafiya da mu ne, gobe akwai sussuka. Kaka ta ce a ce masa a bar yara su ji ƙarshe. Ya ce to. Ya zauna a waje cikin duhu, ita kuma ta ƙarasa tatsuniyar daga bayan asabari, a hankali, ba gurnani, ba kwaikwayo. Matar ta isa wurin ɗan'uwanta, ya ba ta hatsi, ta naɗe kallabin ta yi gammo, ta dawo ta hanyar da ta bi. Da ta shigo gari, maƙwabciyar ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta ce, ke kuwa ba ki wanke kallabinki?

"Nan tatsuniya ta gaji ta zamna," in ji Kaka. "Ku tahi, ana jiran ku."

A wajenmu kowa na jin kunyar suruki, amma ta Kaka ta fi ta kowa. Ba ta faɗin sunan Baba, ko da wani ne mai irin sunan. Ba ta ci, ba ta sha a inda zai iya gani. In ta hango shi a hanya, sai ta ratse cikin gona, akwai ranar da Inna ta wuni tana cire mata ƙarangiya daga zane. Shi ma haka. Duk shekara shi ke gyara mata danga da jinka, amma sai ya bari ta tafi unguwa. Ba ƙiyayya ba ce. In an yanka kaza a gidanta, cinya tasa ce, a rufe a kwano, a ba yaro ya kai, ba a ce daga wa.

Sai da na girma Inna ta gaya mini cewa tatsuniyar ba duka ce tatsuniya ba. Ta ce, "Ni anka bari wurin maƙwabciya. Kurar ɗai ce ban sani ba."

Na yi karatu, na samu aikin karanta labarai a wani gidan rediyo a Sakkwato. Dije ta yi aure a ƙetaren iyaka. Kawu ya rasu. Basharu na cikin waɗanda mutanen daji suka ɗauka daga gona, bai dawo ba. Ƙanena Sanusi ya tafi kudu neman aiki, ya bar matarsa Rabi da jariri a gidan Baba. Samari suka yi ta raguwa a garin, babura suka ƙare, jakuna suka ƙare. Gwiwoyin Kaka suka riƙe, daga ɗaki sai bakin ƙofa, nan ma da rarrafe. Ta ƙi komawa gidan Baba. Inna ce ke zuwa safe da yamma.

Wata rana da bazara, da tsakar rana, aka miƙo mini labari a ɗakin watsa shirye-shirye. Mazauna wasu ƙauyuka a yankin Sabon Birni sun tsere zuwa Isa da ƙafa. Sunan garinmu na ciki. Na karanta shi yadda aka koya mini, ba a ɗaga murya, ba a sauke ta. Na karanta labarin da ke bayansa, na taki ne. Da na fito na kira lambar Rabi, ba ta shiga. Na nemi izini, na hau mota.

Ba na wurin a lokacin tafiyar. Abin da za ni faɗa daga bakin Inna da Rabi na ji shi, kowacce daban, kuma inda suka saɓa na bar shi. Baba da na tambaye shi cewa ya yi, "Mun taho," bai ƙara ba.

Da asuba saƙo ya iso cewa an shiga garin da ke gabanmu, kuma namu ake nufi kafin rana ta faɗi. Ba wanda ya bi titi, don a nan ake tare mutane. Hanyar daji aka bi. Baba ya samo baro, ya shimfiɗa buhu a ciki, ya ajiye a ƙofar gidan Kaka, ya koma bayan danga. Inna da Rabi suka ɗauko ta suka saka. Kaka ta yarda da baro bisa sharaɗin Inna ce za ta tura. Inna ta tura har hannunta ya mutu, Rabi ta karɓa da goyo a baya. Baba na gaba da kaya a kai, ba ya waiwaye.

Kafin hantsi ya yi zafi ƙaya ta fasa tayar. Suka ci gaba a kan ƙarfe. Da suka kai yashin gulbi, baron ya nutse ya ƙi motsi. Sauran mutanen gari suka wuce su, kowa da nasa tsoho da nasa yara, ana cewa sannu, ana cewa Allah ya fisshe mu. Da rana ta take, su kaɗai suka rage: Baba, Inna, Rabi da jaririnta, da Kaka. Matan biyu suka ja ta zuwa gindin wata aduwa.

Ruwan jarka ya ƙare. A cikin yashin akwai wani rami da makiyaya suka tona, da ɗan ruwa a ƙasansa, hannu ba ya kaiwa. Kaka ce ta nuna da haɓa. Rabi ta kwance kallabinta, ta ƙulla a sandar Baba, ta zura, ta jawo. Ta matsa wa jariri a baki, ta jiƙa masa kai. Ta sake zurawa ta kawo wa Kaka. Kaka ta kau da fuska. Leɓenta ya tsage, amma ta kau da fuska. Baba ya gane, ya tashi ya tafi bayan wata geza ya ba su baya. Sannan ta tsotsa.

Da ya dawo, ya cire takalmansa, ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce da Inna, "Ki ce musu baro ya ƙare. Ki ce za ni goya su."

Inna ta ce ita kanta sai da ta ji kamar a mafarki. Ta juya, ta faɗa. Kaka ta daɗe tana kallon yashi.

"Ki ce ma mai gidanki na gode. Ki ce nan ma ƙasar Allah ta. Ku bar mani inuwa ku tahi."

"Ki ce musu ba a barin mutum."

"Ki ce an bar waɗanda sunka hi ni."

Inna ta gwada goya ta da kanta. Ta miƙe da ita, ta yi taku kaɗan, suka zube tare. Rabi ta ce a ba Baba jaririn ita ta gwada. Ba ta ko iya miƙewa ba, don tun safe ba abin da ta ci, kuma tana shayarwa. Can daga yamma suka ji ƙarar babura, nesa, tana zuwa tana ɓacewa. Rabi ta tura wa yaron nono don kada ya yi kuka.

Rabi yarinya ce mai baki. Ta ce, "Kaka, don girman Allah, kunya za ta kashe mu nan? Wa ka ganin ki? Aduwa?"

"Ke rufa mani baki, 'yar zamani. Ke da ka cin tuwo gaban uban mijinki har kina siɗe hannu."

"Ina ci, shi ya sa ni ke da rai."

"To tahi da ranki. Wa ya riƙe ki?"

Baba ya sauke kayan da ke kansa, ya jingina su da itace, ya miƙe ƙafafu, ya zauna sosai, irin zaman wanda ba shi da niyyar tashi. Ya fito da carbi.

Kaka ta ce da Inna, "Mi shi ka yi?"

"Ya zamna."

"Ki ce ya tashi ya kai yarinyar ga da ɗanta."

Baba ya ce, "Ki ce musu nan ma ƙasar Allah ta."

Inna ta ce a nan ita ma ta zauna, don ba ta ga abin yi ba. Ba wanda ya yi kuka. Inuwar aduwa ta matsa, suka matsa da ita. Ƙarar babura ta dawo, ta fi ta ɗazu kusa. Kaka ta dubi jaririn, ta dubi Inna, ta sake duban yashi. Rabi ta ce ta ga bakin tsohuwar na motsi kamar mai son magana, maganar ta ƙi fita.

Baba ne ya mayar da carbi aljihu. Ya tashi, ya zo gaban Kaka, ya juya mata baya, ya tsuguna. Da ya buɗe baki, ba da Inna ya yi ba, ba da kowa ba, daji ya fuskanta.

"Ni dai ban ga kowa nan ba. Dami na gani yashe bakin hanya. Ban taɓa barin dami ga daji ba, ba yau za ni hwarawa ba."

Sai Kaka ta kai hannu ta kwance kallabinta. Ga kan mahaifiyar Inna a buɗe, ga mijinta a wurin, ko da yake bayansa ya bayar. Kaka ta karkaɗe kallabin, ta yafa shi tun daga ƙeya, ta sauko da shi ya rufe fuska har haɓa, ta ƙulla a wuya. Daga ƙarƙashinsa ta ce, "Ba ni nan. Ku ɗauki abin da za ku ɗauka."

Suka ɗora ta a bayansa. Inna ta cire mayafinta aka yi goyo da shi, kamar na yaro. Da ya miƙe, hannuwan Kaka suka zame, ba su da ƙarfin riƙo. Inna ta kwance nata kallabin, ta haɗa wuyan hannun Kaka biyu a ƙirjin Baba ta ɗaure, yadda ko barci ya ɗauke ta ba za ta faɗi baya ba. Kayan da Baba ke ɗauke da su aka bar su a gindin aduwar, tare da baron.

Baba ya ce, "Ki ce ma damin in ya ji ƙishirwa ya yi tari."

Haka aka yi. In ta yi tari, ya tsuguna, a kwance ta, ya tafi can ya ba da baya, Rabi ta ba ta jiƙaƙƙen ƙyalle ta tsotsa, ta sake rufe fuska, a sake ɗaurawa. Takalminsa ɗaya ya tsinke, ƙaya ta shige shi, Rabi ta ɗaure masa ƙafar da kallabinta, daga nan sai da gefen zane ake jiƙo ruwa. Sun kwana a daji, ba su hura wuta ba. Baba ya kwanta nesa da su. Da asuba suka tashi. Inna ta ce duk tsawon hanyar Baba da Kaka ba su yi wa juna magana ba, sai sau ɗaya, da ya yi tuntuɓe ya kusa kifewa, aka ji daga cikin kallabi an ce, "Sannu." Bai amsa ba. Rabi ta ce ya amsa. Wannan na cikin inda suka saɓa.

Ni kuwa tun safe ina bayan garin Isa, inda masu ƙafa ke fitowa. Mutanen garinmu da suka riga su isowa sun gaya mini a bakin gulbi suka bar su. Na tsaya tare da wasu masu jira irina. Wajen azahar na hango mutum uku. Na gane tafiyar Rabi. Na ga Inna ba kallabi, ba mayafi, abin da ban taɓa gani a waje ba tun da aka haife ni. Na ga Baba a duƙe, da mutum a bayansa, fuska a rufe, hannuwa a ɗaure, ƙafafu na reto.

Ban ji komai a raina ba. Abin da na lura shi ne kaina ya fara tsara sanarwa, irin wadda nake karantawa bayan labarai: Allah ya yi wa wance rasuwa, ta bar 'ya ɗaya da jikoki, za a yi jana'iza a wuri kaza. Har na tsaya ina neman wurin da za ni ce. Na taka zuwa gare su. Na yi salati. Baba ya dube ni, bakinsa ya bushe.

Sai aka ce daga cikin kallabi, "Muryar wa ni ka ji? Ango? Kana tsaye da hannu biyu, wani ya ɗauko maka mata tun daga gida?"

Na ce, "Kaka."

"Kwance ni, ragon miji. Hannuna ya mutu tun jiya."

Ƙullin ya ƙi. Gumi ya jiƙa shi, nauyi ya ja shi, sai da na sa haƙori. Muka sauke ta a inuwar wani shago. Baba ya yi ƙoƙarin miƙewa, bayansa ya ƙi, ya tafi a haka, a duƙe, har sai da ya sha kwana. Inna ta ce, "Ya tahi." Sannan Kaka ta ɗaga kallabin, ta mayar da shi kai, ta gyara ɗauri, ta ce a ba ta ruwa a kofi.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar dabara take koyarwa, yadda ƙyalle ɗaya zai zama guga, ya zama rariya, ya zama gammo. Wannan gaskiya ne, kuma an yi amfani da shi a hanyar. Amma yanzu in na tuna ta, abin da nake gani shi ne babu mutum na biyu a cikinta. Matar ita kaɗai ta je ta dawo. Ba wanda ya gan ta da kai a buɗe, ba wanda ta jingina da shi. Rana da rijiya da kura duk ba su san ta ba, ba ta jin nauyinsu. Ina jin sun fi sauƙi. Ban san ko wannan darasi ne ba. Har yanzu ina karanta irin wancan labarin, layi ɗaya ne, kuma muryata ba ta canzawa.

Wani ɗan'uwan Baba ya ba su ɗaki ɗaya a Isa. Aka rataya zane a tsakiya, Baba a gefen ƙofa, matan a ciki. Na nemi su koma Sakkwato wurina, Baba ya ce sai ya ga yadda damina za ta yi, ko za a koma gona. Kaka ba ta sake ba da tatsuniya ba, ko da yaran gidan suka roƙa. Ba ta kuma yi wa Baba magana ba. Sau ɗaya, ina wurin, ta ce da Inna daga bayan zanen, da ƙarfi yadda za a ji, "Ki nemo man shanu ki shahwa ma mai gidanki ga baya. Na ji an ce wani dami ya ɗauka." Baba ya ci gaba da jan carbinsa.

Ta rasu bayan damina, da safe, ba ta yi jinya ba. Hanyar gida ba ta buɗe ba, don haka a Isa aka rufe ta. Baba ne ya shiga kabarin ya karɓe ta.